Maldif, Socorro ko Galapagos: wane jirgin kwana ya dace da mai son nutso da kifayen shak da manta?

Wani ƙanena da ke aiki a Doha ya kira ni kwanakin baya, muryarsa cike da zumuɗi. A can ya koyi nutso da tukunyar iska, ya karɓi takardar shaida, ya yi nutso 22, ga shi kuma ya tara kuɗin hutu. "Yaya, Galapagos zan tafi," in ji shi. "Na ga bidiyon shak masu kan guduma sun rufe sama kamar ayarin shamuwa." Na ce masa ya dakata tukuna, kada ya biya ko kwabo sai mun zauna. Abin da na faɗa masa a daren shi ne nake son shimfiɗawa a nan, domin na san akwai irinsa da yawa, kuma kuɗin da ake zubawa a wannan tafiya ba na wasa ba ne.

Ga wanda bai saba ba, jirgin kwana shi ne jirgin ruwan da masu nutso ke tarewa a ciki na mako guda ko kwana goma. A nan za a ci, a nan za a kwana, jirgin kuma yana bin wuraren da kwale-kwalen da ke fita da safe ya dawo da yamma ba zai iya kaiwa ba. Baƙi ba su cika wuce 16 zuwa 24 ba. Da sassafe ake buga ƙararrawa, jagora ya zana wurin a allo, ya nuna inda ruwa ke ja, a shiga, a fito, a karya kumallo, a ɗan miƙe, a sake komawa, sau uku ko huɗu a yini. Dalilin wannan wahala kuwa, manyan shak da manta, wato ƙaton kifin nan mai faɗi da fikafikai, suna taruwa ne inda ruwan ƙasan teku ke bugun dutse ya taso da abinci, kuma irin waɗannan duwatsu galibi suna can tsakiyar teku, nesa da gari.

Shi kansa manta a waɗannan tekuna iri biyu ne, sai a 2009 masana suka raba su. Akwai na bakin murjani, wanda faɗinsa daga fiffike zuwa fiffike yakan kai mita 3 zuwa 4, akwai kuma na tsakiyar teku mai kaiwa mita 7. Ba su da ƙaya mai dafi a wutsiya, ba sa cizo, baki kawai suke buɗewa su tace ƙananan halittun ruwa. Wanda ya ce yana son ganin manta, sai ya fara tambayar kansa wanne daga ciki, domin amsar ita ce za ta nuna masa tekun da zai nufa.

Mu fara da Maldif, don ita ce na fi ba wa sabon shiga shawara. Tsibirai ne kusan 1,200 a Tekun Indiya, a jere cikin zobba 26 na murjani. Ruwanta ɗumi gare shi duk shekara, digiri 27 zuwa 30, don haka rigar nutso mai kaurin milimita 3 ta isa, wasu ma ko ita ba sa sawa. Da ka sauka a filin jirgin sama na Velana da ke daura da Malé, babban birnin, kwale-kwale zai ɗauke ka zuwa jirginka cikin mintoci. Babu doguwar tafiyar teku, kuma yawancin darare jirgin yana kwana ne a cikin zoben murjani inda ruwa ke kwance. Mai saurin jiri da tashin zuciya ya riƙe wannan da kyau. Akwai kuma wani tsari nasu da nake yabawa: kowane jirgi yana da ƙaramin jirgi mai rakiya da suke kira dhoni, a cikinsa ake ajiye tukwanen iska da injin cika su da duk kayan nutso. Saboda haka babban jirgin yana zama shiru, ba ƙarar inji, ba jiƙaƙƙun kaya a ƙofar ɗaki.

Nutson da ya fi zauna mini a rai a can shi ne na bakin kandu, wato mashigar da ruwan teku ke bi ya kutsa cikin zoben. Ana sauka da sauri zuwa mita 25 ko 28, a nemi busasshen dutsen da ba murjani mai rai a kansa, a saƙala ƙugiya mai igiya, a ɗan hura iska a rigar iska, wadda ke daidaita nutsewa da tasowa. Sai ka ji ka tashi sama kaɗan kana kaɗawa kamar tuta. Ruwa na dukan fuskarka har kumatu na rawa, in ka juya kai gefe tabarau ya nemi zamewa. A gabanka kuwa ga shak masu ruwan toka, ashirin, talatin, sun tsaya cik a cikin ruwan nan da ke neman fizge ka, wutsiya kawai suke ɗan motsawa. Lokacin tashi ya yi, jagora ya ɗaga hannu, kowa ya zare ƙugiyarsa, ruwa ya kwashe ku gaba ɗaya ya shigar da ku ciki. Yawan shak ɗin nan yana da nasaba da hana kamun su da gwamnatin ƙasar ta yi a 2010.

Wajen manta na bakin murjani, babu ƙasar da aka san ta kai Maldif yawansu. Masu bincike sun tantance fiye da 5,000 ta hanyar ɗigon da ke cikinsu, don kowane manta da nasa zanen, kamar zanen yatsa. Amma iskar damina ce ke juya su. Daga Mayu zuwa Nuwamba, lokacin da iska ke busowa daga kudu maso yamma, abinci yana taruwa a gabashin zobban, manta ma can suke. Daga Disamba zuwa Afrilu sai su koma yamma. Shahararren lungun nan na Hanifaru da ke zoben Baa, inda ake ganin gommai suna juyi suna ci a wuri ɗaya, nasa lokacin tsakanin Mayu da Nuwamba ne, kuma an hana shiga da tukunyar iska, sai dai a yi iyo a sama da tabarau da bututun numfashi. Na sha jin wanda ya biya jirgi a watan Fabrairu yana tambayar yaushe za a je Hanifaru. A Fabrairu ba komai a can. Abin da Fabrairu ke bayarwa shi ne ruwa garau da kandu masu cike da shak.

Aibin Maldif cunkoso ne. A zobban tsakiya kana iya tarar da jirage biyar ko shida a kan wuri guda. A kudancin zoben Ari kuma, inda ake ganin ƙaton shak ɗin nan mai ɗigo-ɗigo wanda ya fi kowane kifi girma a duniya, da an hango guda sai ka ga mutane sun yi ta faɗawa ruwa suna bin sa da gudu. Abin ba ya yi mini daɗi ko kaɗan. Haka ma tsibirin Fuvahmulah can kudu, inda ake ganin shak mai zanen damisa kusan kullum: ragowar kifin masunta ake zubawa a bakin tasha don su zo. Za ka gan su kusa, ba shakka, amma dabbar da aka kira da abinci daban take da wadda ta zo don kanta. Murjani ma ya ji jiki a ɗumamar ruwa ta 1998 da ta 2016. Shak mai kan guduma kuwa sai an yi sa'a. Dokar ƙasar ta tsayar da zurfin nutson shaƙatawa a mita 30.

Socorro wata duniya ce dabam. Sunan da masu nutso ke kira ke nan, amma tsibiran huɗu ne na ƙasar Meksiko a Tekun Pasifik, ana ce musu Revillagigedo: San Benedicto, Socorro, Roca Partida da Clarión. Daga Cabo San Lucas zuwa na kusa ya kai kilomita 400 ba kaɗan, tafiyar kwana ɗaya cur, yini da dare, a buɗaɗɗen teku. UNESCO ta sa su cikin wuraren gadon duniya a 2016, a Nuwamba 2017 kuma Meksiko ta mai da ruwan da ke kewaye da su gandun ƙasa na kimanin murabba'in kilomita 148,000 inda aka hana kamun kifi kwata-kwata. Ba otal, ba kasuwa, ba gari. Sansanin sojan ruwa ne kawai, su ne ke hawowa jirgi su duba takardu. Ƙafarka ba za ta taɓa ƙasa ba har ka dawo.

Me ake zuwa nema? Manta na tsakiyar teku, kuma da wani hali da ba a cika gani a wani wuri ba. A gefen San Benedicto, tsibirin da dutsensa mai aman wuta ya fashe a 1952 har yanzu yana nan fari fat da toka, akwai wani dutse da ya taso daga ƙasa ya kusa taɓa saman ruwa, ana kiransa El Boiler. Nan manta ke zuwa ƙananan kifaye masu ruwan lemo su tsince musu ƙwari a jiki. Kana rataye a mita 15, ba ka yi komai ba, sai inuwa ta rufe ka. Ka ɗaga kai ka ga farin ciki mai faɗin ɗaki a samanka, ya tsaya daidai inda kumfar numfashinka ke tashi, yana barin ta tana dukan cikinsa. Sannan ya karkata, ya sauko daidai fuskarka, ya zuba maka ido ɗaya. Ido ne mai kallo, yana bin ka in ka motsa. Yakan yi zagaye ya dawo, ya sake dawowa, har iskarka ta kusa ƙarewa kai ne za ka bar shi. An hana taɓa su, an hana bin su, kuma ba a bukatar ko ɗaya.

Roca Partida kuma ɗan tsinin dutse ne da bai wuce mita 100 tsawo ba, kashin tsuntsaye ya mai da shi fari, a ƙarƙashinsa bango ne ya miƙe zuwa zurfin da ido ba ya kaiwa. A lungunan bangon shak masu farin tsinin fiffike suna kwance a kan juna kamar itacen da aka jera, a waje kuma manyan shak iri-iri da garken tuna suna wucewa. A Cabo Pearce dolfin kan zo da kansu su yi wasa da mutane. Daga Janairu zuwa farkon Afrilu manyan kifayen wel masu doro suna zuwa haihuwa, kana ƙarƙashin ruwa kana jin kukansu a ƙirjinka, sai dai lokacin ne ruwa ya fi sanyi, yakan sauka zuwa digiri 21 ko 22, dole sai riga mai milimita 5 ko fiye. Jirage na zuwa ne daga Nuwamba zuwa wajen Mayu ko Yuni kawai, sauran watannin na guguwa ne.

Kada a je Socorro neman launi. Baƙin dutse ne, murjani kaɗan ne, wuraren nutson ma ba su da yawa, ana maimaita su, ba a nutson dare. In teku ta yi fushi, kyaftin na iya fasa zuwa Roca Partida gaba ɗaya, ba wanda zai mayar maka da kuɗi. Sannan sau da yawa ana tasowa ne a tsakiyar shuɗin ruwa, ba igiya, ba ƙasa a gani, sai kwamfutar hannunka mai nuna zurfi. Wanda bai iya tsayawa cik a mita 5 na minti uku ba tare da ya riƙe wani abu ba, bai shirya wa nan ba. Shi ya sa jirage da yawa ke neman nutso 50 a littafinka.

Sai Galapagos, burin ƙanena. Tsibiran Ekwado ne, kusan kilomita 1,000 daga gaɓar ƙasar. Abin da ya gani a bidiyo gaskiya ne, kuma a wuri biyu ake ganinsa: Wolf da Darwin, ƙananan tsibirai can arewa, tafiyar dare guda daga sauran, waɗanda jirgin kwana kaɗai ke kaiwa. A gefen Darwin ne dutsen nan mai siffar ƙofa yake, wanda samansa ya rufta a ranar 17 ga Mayu 2021, ginshiƙai biyu suka rage. Ƙarƙashinsa ba abin da ya canja. Shak masu kan guduma suna wucewa ɗari-ɗari, daga Yuni zuwa Nuwamba kuma ƙattin shak masu ɗigo suna biyowa, galibinsu manyan mata, wasu sun haura mita 10. In dai yawan shak ake magana, Maldif da Socorro ba su kama ƙafarta ba.

Amma ga abin da bidiyo ba ya nunawa. Daga ƙaramin kwale-kwalen roba ake faɗawa da baya, cikin taguwa, ba iska a rigar iska, a nutse kai tsaye kafin ruwa ya raba ka da jama'a. A ƙasa sai ka rungumi dutse mai kaifi da safar hannu, ruwa na tura ka gaba yana ja da baya. Watannin da suka fi kifi su ne suka fi sanyi da tashin teku. A yammacin tsibiran, wajen Punta Vicente Roca da Cabo Douglas inda ake ganin ƙadangarun teku suna kiwo a ƙarƙashin ruwa, sanyi kan kai digiri 16 ko ƙasa, sai riga mai milimita 7 da hula. Riga mai kauri tana bukatar ƙarin dalma a ƙugu, ƙarin dalma kuma yana rikita ma'aunin wanda bai ƙware ba. Mai nutso 22 a ruwan ɗumi zai ƙare makon yana fama da kansa, shak na wucewa bai ko ɗaga kai ba. Manta akwai, musamman daga Disamba zuwa Mayu a Cabo Marshall, amma ba su ne abin zuwa ba. Kuɗi kuma ita ce kan gaba: mako guda a nan yakan ninka na Maldif, ga kuɗin shiga gandun da ya tashi daga dala 100 zuwa 200 a Agusta 2024.

Tsibirin Cocos na Kosta Rika ɗan'uwan Galapagos ne wajen masu kan guduma, ruwansa ya fi ɗumi, amma tafiyar sa'a 36 ce daga Puntarenas, zuwa kawai. Bahar Maliya kuma ita ce mafi sauƙin kuɗi da kusanci: a Masar, duwatsun Brothers da Daedalus da Elphinstone suna da shak na tsakiyar teku mai farin fiffike a ƙarshen shekara, sai dai manta ba tabbas. Ina jin ciwon Sudan a nan. Gaɓar da kakanninmu alhazan ƙafa ke tsallakawa daga Sawakin zuwa Jidda ita ce mai Sanganeb da lungun Dungonab mai tarin manta, da Sha'ab Rumi inda Jacques Cousteau ya kafa gidajen ƙarƙashin ruwa a 1963. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilu 2023 ba wurin da zan tura kowa ba ne. Allah ya kawo musu zaman lafiya.

Akwai abubuwan da masu tallan jirage ba sa tunawa da su, amma mu sun shafe mu. Maldif tana ba kusan kowane baƙo bizar kwana 30 kyauta a filin jirgi, sai dai wanda ya fito daga Najeriya ya riƙe katin rigakafin shawara. Daga Abuja ko Legas ta Doha, sauyin jirgi ɗaya ne. Ekwado tana neman biza daga ɗan Najeriya, Meksiko ma haka sai in yana da bizar Amurka, Kanada, Birtaniya, Japan ko ta Shengen mai aiki, ga kuma batun ƙasar da za a yada zango. Maldif ƙasar Musulmi ce, abincin jirgi halal ne, da safe za a ba ka mas huni, wato tuna da kwakwa da albasa da barkono, da gurasarsu roshi, in jirgi ya kwana kusa da ƙauye kana jin kiran asuba. A jiragen Pasifik naman alade da giya suna cikin girki, sai ka rubuta musu tun kafin ka biya, ka tsaya kan kifi da ganye. Alƙibla tana juyawa yadda jirgi ke juyawa a kan anga, don haka a duba kamfas kafin kowace salla. Kada kuma a sa tafiyar cikin azumi, domin ƙarancin ruwa a jiki yana ƙara haɗarin ciwon kumfar jini da ke kama masu nutso.

Batun lafiya ba a yi masa kara. Mai cutar sikila likitocin nutso ba sa ba shi izini, mai AS ko asma kuma ya ga likitan da ya san harkar kafin komai. A sayi inshorar nutso mai biyan kuɗin ɗauko mutum daga teku. A Maldif akwai ɗakin matsin iska na jinyar masu nutso a tsibirin Bandos kusa da Malé, na Galapagos yana Puerto Ayora, nesa ƙwarai da Darwin. A koyi amfani da naitrok, iskar da aka ƙara wa oksijin zuwa kashi 32, don nutso huɗu a yini na tara iskar naitrojin a jiki. Bayan nutson ƙarshe kuma a bar sa'a 24 kafin a hau jirgin sama.

Mutane na tambayata ko ba na tsoron shak. Jirgin da kansa na fi tsoro. A ranar 2 ga Satumba 2019 gobara ta tashi cikin dare a jirgin kwana mai suna Conception a gaɓar Kalifoniya, mutum 34 suka rasu a ɗakin barci na ƙasa, bincike ya nuna ba mai gadi da ke zagayawa a daren. A Nuwamba 2024 jirgin Sea Story ya kife kusa da Marsa Alam a Masar, mutum 11 suka rasu ko suka ɓace. Kafin ka biya, tambayi ko akwai mai gadin dare, ko ɗakunan ƙasa suna da ƙofar tsira ta biyu, ko akwai na'urar jin hayaƙi a kowane ɗaki, a ina ake cajin batura, kuma ko suna ba kowane mai nutso na'urar da ke nuna inda yake in ruwa ya tafi da shi. Ranar da ka hau, je ka buɗe ƙofar tsirar da hannunka. Jirgin da ya yi ta kwana-kwana wajen amsa waɗannan, bar shi komai arharsa.

Ƙanena ya yi shiru, can ya ce, "To Yaya, Galapagos ɗin fa?" Na ce tana nan, sai ya kai nutso 100, ya kuma saba da ruwan sanyi da riga mai kauri. Yanzu ya fara karɓar takardar mataki na biyu mai ba da izinin mita 30 da ta naitrok a can Doha, sannan ya ɗauki mako guda a zobban tsakiyar Maldif cikin Fabrairu ko Maris, in ba su faɗa cikin azumi ba. Zai dawo da ƙarin nutso 17 ko 18, ya san ƙugiya, ya san jan ruwa, ya iya harba balan-balan ɗin alama daga ƙasa. In ya haura 50, kuma manta ne suka shiga ransa, sai Socorro a Nuwamba ko Disamba lokacin da ruwa bai yi sanyi ba. Washegari ya turo mini sunayen jirage uku, na ce ya fara aika musu tambayar mai gadin dare.